Martani: Wa Ya Duba Yaron Kafin A Ce Ɗan Kanoma Ne?

Kwanakin baya wani ɗan'uwa mai rubutu a kan al'adun Hausawan zango ya fitar da maƙala a kan ɗan kanoma, kuma maganar tasa ta yi kasuwa daga Zongon Parakou har Djougou. Tsofaffi sun ce ga ɗan halak da ya tuna da na gida. Ni ban ji daɗinta ba. Kafin in faɗi dalili, bari in kawo abin da marubucin, wanda zan kira Malam, ya ce yadda ya faɗe shi, kada a ce na aza masa kayan da ba nasa ba.

A wurin Malam, idan yaro ya yi bayan gida aka ga jini, ko wani jan nama ya leƙo ta duburarsa, to ɗan kanoma ne, ko basir irin na yara, kuma iyayenmu sun san shi tun ba a kafa tubalin asibiti ko ɗaya a ƙasar Borgu ba. Zaƙi da maiƙo ke kawo shi. Maganinsa a hana yaro alawa da rake, a jiƙa bagaruwa a zaunar da shi a ruwan ɗumi, a mayar da naman da tsumma mai tsabta, a ba shi jiƙo ya sha. Ya ce da idonsa ya ga yaran da aka yi wa haka suka warke, har akwai waɗanda tsiron ya faɗo da kansa. Daga nan ya juya kan likitoci. Ya ce sun cika gaggawar wuƙa, su sa wa ɗan ƙaramin yaro maganin barci, su zura masa bututu ta inda kunya ta hana, su karɓe abin da uba ya tara na audugarsa, duk a kan abin da kaka za ta gama da shi da bagaruwar dala biyar. Ya rufe da kira ga iyaye mata su riƙe sirrin 'ya'yansu a cikin ɗaki.

Ba duka maganar ce ta faɗi ƙasa ba. Gaskiya ne yawancin yaran da baya ke fita musu, musamman 'yan ƙasa da shekara 4, suna warkewa ba a taɓa su da wuƙa ba, likitocin ma haka suke faɗa. Gaskiya ne mayar da naman a hankali da hannu mai tsabta shi ne abin da ya kamata uwa ta yi nan take. Bagaruwa kuwa tana tsuke nama, shi ya sa majema ke jima da ita, don haka ba mamaki in kumburi ya ɗan sassauta. Tsadar asibiti ma bai yi ƙarya ba. Inda muka rabu da Malam tambaya ce guda da bai yi ba ko sau ɗaya a duk tsawon maƙalarsa: ta yaya aka san abin da ke damun yaron?

Mu fara da basir, tunda shi ake ɗora wa komai. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a bakin dubura, kuma ciwon manya ne. Shekaru na nishi a masai ke kawo shi, da goyon ciki, da yawan zama irin na direbobin tirela da ke sintiri tsakanin Kwatano da Malanville. A yaro ɗan shekara 3 ko 5 da wuya a same shi. In ma likita ya ga jijiyoyi sun kumbura a duburar ƙaramin yaro, hankalinsa kan hanta yake komawa, don ya san wannan ba abin da aka saba gani ba ne. Ke nan tun daga sunan cutar an kauce hanya, kuma duk maganin da aka gina a kan sunan ya bi shi.

Abubuwan da ke sa yaro zubar da jini ta baya suna da yawa, kuma ba su yi kama da juna ba sai ga wanda ya hango daga nesa. Akwai tsagewar bakin dubura saboda taurin kashi, inda yaro ke kuka yana ƙin hawa fo, jinin kuma ɗan zane ne a jikin kashin. Akwai atuni, mai zuwa da murɗa da majina da zazzaɓi. Akwai wata tsutsar ciki siririya, tsawonta santimita 3 zuwa 5, wadda ke kafa kanta a bangon babban hanji. Ƙwanta a ƙasa yake, inda yara ke wasa suna sa hannu a baki, kuma in ta yi yawa sai ta sa yaro nishi har baya ya fita, wani lokaci a ga tsutsotsin manne a jikin jan naman. Ita wannan maganin tsutsa take so, kuma sau da yawa ƙwaya ɗaya irin wadda ake rabawa a makaranta ba ta isa, sai an sha na kwana 3. Akwai tsargiya, wadda mutanenmu suka sani da fitsarin jini, alhali tana da 'yar'uwa mai zama a jijiyoyin hanji, ana kwasarta a irin ruwan da yara ke iyo a rafi da fadama, tana kuma iya haifar da tsiro a hanjin. Maganinta daban ne, sunansa praziquantel. Shin a cikin waɗannan wanne ne ruwan bagaruwa ke kashewa? Tsutsar da ke can cikin hanji ta san an zaunar da yaro a baho?

Sai wanda na fi so mu tsaya a kansa, wato tsiron hanji. Likitocin Benin da Faransanci suke aiki, saboda haka uwar da ta ga an rubuta polype a takardar ɗanta, shi ke nan ake nufi. Ɗan nama ne ja mai laushi, daga girman gyaɗa zuwa girman goro, yana reto a kan siririn wuya daga bangon hanji. Ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 10, ana kuma ƙiyasta yaro 1 zuwa 2 cikin 100 na samunsa. Galibi guda ɗaya ne, galibi kuma a ƙarshen hanji yake, kusa da dubura. Duk lokacin da kashi ya zo wucewa sai ya goge shi, fatarsa kuwa ba ta da kauri, sai jini. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne ba ya ciwo. Yaro na wasa, yana cin sakwararsa, ba zazzaɓi ba gudawa, sai dai in ya tashi daga fo a ga jini ja wur ya biyo bayan kashin, yau a gani, jibi a rasa, mako mai zuwa ya dawo. Idan wuyan tsiron ya yi tsawo, nishi kan turo shi waje, uwa ta gan shi ta ce baya ya fita. Wani lokaci kuma shi tsiron ne ke jan bangon hanjin yana saukowa da shi, har bayan ya fita da gaske. Wanda ya saba yana bambance su da ido: bayan da ya fita zobe-zobe ne da rami a tsakiya, tsiro kuwa dunƙule yake, ba rami, da wuya a bayansa.

Irin wannan tsiron na yara ba sankara ba ne, kuma in guda ɗaya ne ba a san shi da komawa sankara ba. Ina faɗa da babbar murya don kada wani ya ce na zo tsorata mata. Amma ba zaƙi ke kawo shi ba, ba kuma barin zaƙi ke tafiyar da shi ba. Yaron da aka hana alawa saboda tsiro asara biyu ya yi, ga jininsa na tafiya, ga alawarsa ta tafi.

Hujjar Malam mafi ƙarfi ita ce ya ga waɗanda suka warke, har tsiro ya faɗo da kansa. Ban ƙaryata shi ba. Tsiron kan murɗe a kan wuyansa, jini ya daina kai masa, ya tsinke ya fito cikin kashi, kuma yana yin haka ko an jiƙa bagaruwa ko ba a jiƙa ba. Haka shi ma bayan da ya fita saboda gudawa kan daina fita in gudawar ta tsaya yaro ya mayar da jiki. Duk abin da aka ba yaro a makon da hakan ta faru, shi zai kwashe yabo. Da a makon nan aka ɗaura masa jan zare a ƙafa, da yau Malam maƙalar jan zare ya rubuta mana. Tambayar da ta dace ita ce yaushe zai faɗo, wata uku ko shekara biyu, kuma me yaron zai biya kafin nan?

Mu yi lissafi. Jinin jikin yaro bai wuce mililita 75 zuwa 80 a kowane kilo na nauyinsa ba. Yaro mai kilo 15 ke nan duk jininsa lita ɗaya da 'yan kai ne. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne. Idan yana zubar da cokali ɗaya kullum, a wata uku ya zubar da mililita 450. Jiki na ƙera sabon jini, haka ne, amma da sinadarin ƙarfe yake ƙera shi. Kowane mililita na jini yana fita da kusan rabin miligiram na wannan sinadarin, hanjin yaro kuwa abin da yake tsotsa daga abinci a rana bai cika wuce miligiram 1 ba. Fita ta fi shiga, kuma ba a kan yaro mai cikakken jini ake wannan ragin ba. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Benin a 2017 zuwa 2018 ya nuna kusan kashi 72 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini tun asali. Ɗora zazzaɓin cizon sauro na damina a kan wannan, ɗora sikila ga mai ita. Yaron da tsiro ya tsotse a hankali shi ne wanda zazzaɓi ɗaya zai kai ga neman ƙarin jini da tsakar dare, kuma ranar nan ba wanda zai ce tsiro ne ya jawo, za a ce zazzaɓi ne ya yi tsanani. Irin waɗannan yaran ba sa shiga lissafin Malam, don shi waɗanda suka warke ne suka zo gaishe shi.

Na ga wannan a gidan da muke haya a dā. Maƙwabciyarmu mai sayar da koko da ƙosai tana da yaro da bai shiga makaranta ba tukuna, ana ta fama da shi wata da watanni. Kowace yamma ga baho, ga ruwan bagaruwa baƙi ƙirin, ga yaro zaune a ciki yana wasa da marfin kwalba. Kakarsa ta hana shi ko rake ya tsotsa. Abin da ya fara ba ni tsoro ba jinin ba ne, tafin hannunsa ne da ya yi fari fat, da yadda yake kankare bangon ɗaki yana cin ƙasa, da yadda ya daina bin yara guje-guje sai ya zauna yana haki. Duk lokacin da aka yi niyyar asibiti sai naman ya koma, uwar ta ce to me zan nuna musu? Wata ƙanwarta ce ta yi dabara, ranar da ya leƙo ta ɗauki hotonsa da waya. Likita ya kalli hoton, ya sa safar hannu, ya shafa mai a ɗan yatsansa ya taɓa, ya ce, "Baba, ga shi nan, na taɓo shi. Tun yaushe yake jini?" Kakar ta ce tun kafin azumi. Bai ce mata komai ba, ya dai ja fatar idon yaron ƙasa ya nuna mata. An sa shi barci, an ɗaure wuyan tsiron da zare an yanke, ba a tsaga ciki ba, ba ko tabo a waje. Jinin bai sake dawowa ba, amma sai da ya sha maganin ƙarin jini na watanni kafin tafin hannun ya yi ja.

Wannan ya kawo mu ga gaggawar wuƙa. Malam ya zana wa iyaye hoton an shimfiɗe yaro an farke masa ciki. Tsiron da ke kusa da dubura ta duburar ake kamo shi, a ɗaure a yanke cikin 'yan mintoci. Wanda ya yi nisa ciki kuwa da bututu mai fitila da kyamara ake binsa, a zarge wuyansa da siririyar waya mai lantarki, ta yanke ta kuma ƙone bakin jijiyar a lokaci guda. Tun 1969 likitoci biyu, Hiromi Shinya da William Wolff, suka fara wannan a birnin New York na Amurka, kuma dalilin ƙirƙiro shi ke nan, don a daina tsaga ciki saboda tsiro. Bututun da Malam ke kuka da shi ne ya raba yara da wuƙar da yake tsoro. Idan kuma damuwarsa ita ce fiɗa baƙon abu ne da Nasara ya kawo, to Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus da ya rasu wajen 1013, ya rufe littafinsa Attasrif da babban sashe a kan fiɗa, har da zanen kayan aiki, ya kuma yi bayanin ɗaure basir da yanke shi. Shi ma Nasara ne ya aiko shi?

Sannan wa ya ce a gida ba a sa wuƙa? A nan ne maƙalar Malam ta yi shiru inda bai kamata ba. In bagaruwa ta gaza, ba asibiti ake nufa kai tsaye ba. Sai a kira wanzami, ko wata tsohuwa mai hannu, a ɗaure naman da zare, ko a ɗosa masa tsumma mai zafi, ko a shafa kanwa, ko a yi ɗurar barkono da citta ta baya. Wanzami gwani ne a aski da ƙaho, ban raina sana'arsa ba. Amma in abin da ya leƙo bangon hanji ne shi kuma ya ɗauka tsiro ne ya sa aska, hanji ya huda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma wanda ba ya jiran a gama jiƙa bagaruwa. A jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 2, wani ɓangaren hanji kan shige cikin na gaba da shi ya maƙale. Yaro ya ƙwalla ƙara yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake, ya yi amai har ya koma kore, sai kashi mai jini da majina, ciki ya kumbura. Wani lokaci hanjin da ya shige kan zarce har ya leƙo ta dubura, mai kallo ya rantse ɗan kanoma ne. Wannan awoyi ake ƙirga masa, domin hanjin da jini ya daina kai masa ruɓewa yake. Uwar da ta karanta Malam ta riƙe sirrin ɗanta a ɗaki kwana biyu, wa zai amsa mata?

Maganar kunya ita ce ta fi ba ni mamaki daga mai ilimi irin Malam. Hausawan da yake kafa hujja da su ai su suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamanmu na Malikiyya ba su hana likita ganin al'aura in lalura ta kama ba, ga babba ma, balle yaron da uwarsa ke yi wa tsarki a tsakar gida kowa na wucewa. Kuma ina kunyar take lokacin da ake tuɓe shi a gaban kaka da maƙwabta ana ɗosa masa tsumma? Sai likita mai safar hannu, a bayan labule, uwa na tsaye a kansa, shi ne ya keta haddi? A Tanguiéta, can gaba da Natitingou, akwai asibitin Saint Jean de Dieu da aka buɗe a 1970, inda likitan fiɗa ɗan Italiya Fiorenzo Priuli ya shafe shekaru da dama yana aiki. Sanannen abu ne cewa gidan Shehin Kiota na Tijjaniyya, a jihar Dosso ta Nijar, ya daɗe yana tura marasa lafiya can, su ƙetare iyaka su je hannun wannan Kirista mai fiɗa. Shehunnai ba su ga abin kunya a wurin ba. Ban san inda Malam ya samo tasa fatawar ba.

Akwai wani dalilin dubawa da bagaruwa ba za ta taɓa biya ba. Na ce tsiro guda ɗaya ba shi da haɗarin sankara, amma wa ya ƙirga ya ce ɗaya ne? Yara kaɗan ne, amma akwai su, waɗanda tsiron nasu ya kai 5 ko fiye, ko ake samunsa a dangi, uba ya yi, baffa ya yi. Wannan na gado ne, kuma shi yana iya kaiwa ga sankarar hanji a gaba, don haka ana bin yaron da dubawa har girmansa, a duba 'yan'uwansa ma. Akwai wani nau'in na gado da alamarsa baƙaƙen ɗigo ne a leɓe da cikin baki. Shi ya sa likita ke tambayar tarihin gida, shi ya sa kuma ake kai abin da aka cire ɗakin gwaji. Tsiron da ya faɗo a masai ba wanda ya gwada shi, ba kuma wanda ya san ko ya bar 'yan'uwa a ciki.

Saura kuɗi, kuma a nan ba zan yi wa Malam ba'a ba, don na san abin da ake nufi da uba ya tsaya gaban tagar biya yana juya aljihu. Na'urar duba hanji ba ko'ina take ba, tafiya daga ƙauye kuɗi ce, kwana a asibiti kuɗi ne. Amma matakin farko ba na'ura ba ne. Ido ne, da yatsa, da gwajin kashi, da auna jini, kuma waɗannan ba sai an sayar da sa ba. A Parakou akwai asibitin koyarwa na Borgou da Alibori, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, ke koyon aiki. A Djougou, kusan kilomita 135 daga nan, akwai asibitin da ƙungiyar Ordre de Malte ke riƙe da shi tun 1974. Akwai na Boko a bakin Parakou, akwai na Bembèrèkè. Wanda ba shi da kayan aikin ya san inda zai tura. Djougou da Copargo da Ouaké suna cikin garuruwan da gwamnati ta fara gwada inshorar lafiya ta ARCH ga matalauta a 2019. Da Malam ya zuba tawadarsa wajen tambayar ko inshorar nan tana aiki, wa ya samu, wa aka tsallake, da ni ne farkon mai mara masa baya. Sai ya zaɓi ya ce wa talaka ka zauna a gida, abin da talaka ke yi tun dā ba sai an rubuta masa maƙala ba.

Bagaruwar dala biyar ɗin ma ba ta tsaya a dala biyar ba. Duk wanda ya ratsa kasuwar Arzèkè ko tashar motar Djougou ya ji mai lasifika yana jero abin da kwalbarsa ke warkarwa, basir mai tsiro, basir mai jini, ɗan kanoma, sanyi, ciwon baya, raunin mazakuta, duk a ruwa ɗaya mai launin ƙasa, babba cokali biyu, yaro cokali ɗaya. Uwa ta sayi wannan, bai yi ba, ta sayi na wanda ya zo daga Najeriya, ta sayi na wanda ya zo daga Gana. A tara kuɗin wata shida a gani. Abin dariya kuma, sukarin da ake zargi shi ne likitoci kan barbaɗa a kan bayan da ya fita ya kumbura, don ya janye ruwan ya saki a samu mayarwa.

Malam ya ce iyayenmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a Djougou, da wannan magani suka yi renon 'ya'yansu. Haka ne, da abin da ke hannunsu suka yi, Allah ya jiƙansu. Amma mutanen da suka bar garinsu suka taka wata da watanni saboda sun ji akwai abin da ya fi a gaba, ban yarda za su ga asibiti a bakin hanya su wuce da yaro yana zubar da jini ba.

Matsayina bai sauya ba: duk yaron da aka ga jini a bayan gidansa fiye da sau ɗaya, ko nama ya leƙo masa, likita ya gan shi kafin a sa wa ciwon suna. Uwa, in ya leƙo ki ɗauki hoto, ki wanke hannu, ki shafa man basilin a tsumma mai tsabta ki mayar a hankali, kada ki ja, kada ki bari a ɗaure ko a yanka, kada kuma ki bar shi ya daɗe a kan fo. In ya ƙi komawa, ko ya yi baƙi, ko yaro na amai kore, ko idonsa ya yi fari yana haki, ba a jiran gari ya waye. Kai kuma Malam, mata sun ji maganarka sun yi aiki da ita. Ka sake ɗaukar alƙalamin nan ka gaya musu su kai yaran a duba.